Sarauniyar littafi da Sarauniyar Lugu

Na yi shekara 12 ina karanta wa ƴan kwaleji labarin Sarauniya Mangu da Faransanci kafin ƙafata ta taka Lugu, alhali garin yana cikin karkarar Ɗan Kassari inda nake koyarwa. Abin kunya ne, amma ba ni kaɗai ba ne. Da yawa cikinmu mun fi sanin Sarauniya ta takarda da ta majigi bisa ga wadda ke zaune a bayan dutsen garinmu. Sai cikin sanyin 2017 na ɗauki wasu ɗalibaina, muka bar kwalta, muka bi hanyar rairayi zuwa can. Mun tafi ne a matsayin ƴan kallo, kuma wannan kallon shi ne abin da ya dame ni tun daga ranar.

Abin da muka ɗauko cikin kawunanmu sananne ne. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa, tana kwashe hatsi da dabbobi, tana kama mutane su yi mata dako. Garuruwa da dama sun buɗe mata ƙofa don tsoro. Ranar 16 ga watan Afrilu ta iso Lugu, ta tarar da maharba sun ja daga cikin sarƙaƙiyar daji da kwari da baka. Lissafin Nasara da kansu ya nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙona harsashi wajen 7000. Na mutanen Lugu babu wanda ya ƙirga. An cinna wa garin wuta, rundunar ta wuce, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla cikin watan Mayu. Ranar 14 ga watan Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Ɗankori. Kafin kwana uku su cika, sojojinsu sun kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi.

Cikin takardun Nasara wurin da Sarauniya ta samu kaɗan ne ƙwarai. Joalland, wanda yake cikin rundunar, ya ambace ta cikin littafin da ya fitar a 1930, kuma a matsayin tsohuwa matsafiya ya ɗauke ta. Wanda ya tayar da sunanta shi ne Abdullahi Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba da ya sha zaman gudun hijira, da littafinsa na 1980. Daga nan Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, ya kuma ci babbar kyautar bikin Fespaco na Wagadugu a 1987. Sai ga matashiya kyakkyawa, jaruma, tana jan maza zuwa fagen fama. Sunanta ya hau makarantu da gidan rediyo a Yamai. Ba na zargin Mamani. Marubucin labari ne, kuma ƙasa mai neman gwarzayenta ce ya rubuta wa. Littafinsa ya sa ɗalibai da yawa son karatu, ni ma har da ni. Sai dai ya cika mana ido har muka daina tambayar abin da mutanen Lugu suke faɗi.

Da muka isa, ba mu ga ganuwa ba, ba mu ga fada ba. Ƙaramin ƙauye ne a gindin duwatsu, gidajen ƙasa da bukkoki, awaki, mata a bakin rijiya. Wani dattijo ya tarbe mu, ya ba mu ruwa, ya ce mu tuɓe takalma kafin mu kusanci ɗakin. A ciki wata tsohuwa ce cikin farin zane, zaune bisa tabarma, abawa da mazari kusa da ita. Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Inna? Mun zo gaisuwa." Ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, ta tambayi gida da hanya, ta sa wa yaran albarka. Iyakar abin ke nan. Da muka fito, wani yaro da ya riƙe salula tun daga mota yana jiran hoto ya matso ya raɗa mini, "Mushe, to ina takobinta?"

Tambayar yaron ita ce tawa, shi dai ya fi ni ƙarfin hali. Sarauniya a Lugu ba sunan mace ɗaya ba ne, sarauta ce, kuma ta girmi zuwan Nasara nesa ba kusa ba. Bisa ga abin da kakanni suka bari, ta farko daga Daura ta taso da jama'arta, dutsen Tunguma yana yi musu jagora har suka sauka a nan. Su ne Gubawa, ƴan ƙasa, waɗanda suka fara ƙulla alkawari da dajin da abin da ke cikinsa. Daga baya ne Ari ya zo daga Barno, ya auri ɗiyar Baura na Bagaji, ta haifi Akazama, wanda sarautar Arewa ta samo asali daga gare shi. Marc-Henri Piault ya tattara wannan tarihi cikin littafin da ya wallafa a 1970 bisa Arawa. Abin lura a ciki shi ne rabon aiki: doki da takobi da haraji na Sarkin Arewa ne, ƙasa da ruwan sama da lafiyar gari na Sarauniya da Baura. Ba a naɗa ta da rawani. In ta rasu, sai a yi tarkama: a ɗauki gawarta bisa kai, masu ɗauka su bi inda suka ce tana jan su, har ta tsaya gaban wadda za ta gaje ta. Daga ranar, wadda aka nuna ta bar zirga-zirgar duniya, ta shiga ɗaki, ta kama kaɗi.

To mace mai irin wannan matsayi, yaya za ta hau gaban mayaƙa? Dattijon da ya tarbe mu ya yi dariya da na kawo maganar fim. Ya ce, "Malam, Sarauniya ba ta riƙe makami. Maza suka yi yaƙi. Ita ta ce kada a buɗe hanya, kuma aka ji." A ganina wannan bai rage mata komi ba. Sarakuna masu dawaki sun auna ƙarfin bindiga sun sunkuya, kuma ba zan yi musu hukunci daga kan kujerar aji ba. Amma tsohuwar da ba ta da soja ko ɗaya ta ƙi, jama'a kuma suka tsaya bisa maganarta har garinsu ya zama toka. Wannan ikon ya fi na fim wuyar fahimta, shi ya sa muka musanya shi da takobi.

Abin da littafin makaranta bai faɗa ba shi ne abin da ya biyo bayan gobarar. Jama'ar Lugu sun watse, da yawa ba su komo ba. Mulkin Nasara ya yi aiki da sarakunan da ya sani, ya bar Lugu a gefe. Musulunci ya game Arewa, kalmar azna ta koma abin gori a bakin yara. Har yanzu ana zuwa Tunguma neman gaskiya in rigima ta gagari mutane, amma da yawa a ɓoye suke zuwa. Mu kanmu ba mu je ba. Ni Musulmi ne, ba ni da abin da zan tambayi dutse, kuma na ga bai dace in jera yara su tsaya suna leƙen wanda matsala ta kawo ba.

A nan ne na tuna da Banaras ta ƙasar Indiya, a bakin kogin Ganga, inda mabiya addinin Hindu suke zuwa wanka da ƙone gawar ƴan'uwansu, baƙi daga Turai da Amurka kuma suna bin kogin cikin kwale-kwale suna kallo, har ana hana su ɗaukar hoto a wurin ƙonewar. Can masu ibada sun ninka ƴan kallo yawa, don haka kallo ba zai cinye wurin ba. A Lugu lissafin ya juya. Masu zuwa don Mangu ta 1899, malamai irina da ƴan jarida da Nasara masu bincike, suna iya fin masu zuwa don Sarauniyar da ke raye. Muna gaishe ta, amma idonmu yana bisa wata da ta rasu tun tuni. Wannan ma wani irin rashin ladabi ne, ko da an tuɓe takalma. Akwai dai waɗanda suka yi abin kirki: ƙungiyar Tarbiyya Tatali ta zauna da mutanen garin, aka rubuta tarihinsu daga bakinsu cikin littafi. Shi ya kamata ya shiga aji kusa da na Mamani, ɗalibi ya karanta biyun ya ga inda suka rabu.

Cikin yaran akwai wata yarinya da ta ƙi shiga ɗakin. Ta tsaya a inuwar bedi ta ce, "Mushe, babana ya ce wurin azna ne, kada in shiga." Ban matsa mata ba, don ba ni da hurumin shiga tsakanin ɗiya da uba. Da muka koma na ba su aikin rubutu da Hausa a kan tafiyar. Mafi yawa sun kwafo mini fim, da dawaki da ƙura da damisa, abin da ba su gani ba ko kaɗan. Ita kuwa ta je ta tambayi kakarta ta wajen uwa. Ashe tsohuwar Bagubiya ce, iyayenta daga Lugu suka fito, kuma tana yarinya an taɓa aiken ta da kaɗa a cikin ƙwarya ta kai wa Sarauniyar wancan zamani. Shekara da shekaru suna gida ɗaya ba ta taɓa faɗi ba, don babu wanda ya tambaye ta. Yarinyar ta cika shafi uku, ta kuma roƙe ni kada in karanta shi a gaban aji.