Alƙalami ko Rikoda: Wa Ke Riƙe Maganar Mai Shaida?

'Yan uwa, yau ina so mu waiwayi wani abu da ba mu cika lura da shi ba sai shari'a ta faɗo mana, wato yadda kotu ke adana abin da aka faɗa a gabanta.

Bayan Turawa sun ci Bauchi a 1902, sun bar kotunan alƙalai suna aiki, amma suka matsa a riƙa rubuta shari'o'i a littafi domin Di'o ya duba. Malaman kotu ne ke wannan rubutu, galibi da Larabci. Mai ƙara ya yi magana da Hausa, ko Fillanci, ko Jaranci, takarda kuwa ta fito da wani harshe dabam.

Manyan kotuna, masu aiki da Turanci, sun gaji wata al'ada daga Ingila: alƙali da kansa yake rubutawa da hannu. Na sha zama a irin wannan kotu a nan Bauchi. Mai shaida ya faɗi jimla guda, tafinta ya juya, kowa ya yi tsit har alƙalami ya tsaya. A Amurka akwai akawun kotu mai buga alamomi a na'ura, wanda sai ya kama kalma 225 a minti guda kafin ya samu takardar ƙwarewa ta ƙungiyarsu. Mu irinsu ba su yawaita a kotunanmu ba.

To me ya sa abin ya shafe mu? Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ganin fuskar mai shaida, takarda take karantawa. Idan tafinta ya mayar da "aro" ya zama "kyauta", gona za ta iya tafiya.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 364, ta yarda a naɗi zaman kotu da na'ura, a buga shi a takarda, alƙali ya tabbatar. Amfanin rikoda a wurina shi ne tana riƙe Hausar mutum yadda ta fito daga bakinsa. Sai dai ba ta san wa ke magana ba idan lauyoyi suka kaure, kuma in wuta ta ɗauke sai a koma ga biro. Dole dai a samu akawu mai jin harshen da zai zauna ya kwafe.

Shawarata, duk wanda shari'a ta kai shi kotu, ya nemi kwafin bayanan zaman, ya sa a karanta masa tun kafin lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce.