Ƙaura Daga Manyan Dandalin Sada Zumunta: A Hannun Wa Iko Yake?

A watan Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Hukumomin gwamnati suka koma Koo, wata manhajar Indiya mai kama da Twitter. An ɗage haramcin a Janairun 2022, Koo kuma ya rufe a 2024, masu amfani da shi suka watse. Wannan ƙaura ba ta taɓa tushen matsalar ba, domin an bar hannun kamfani ɗaya ne aka faɗa hannun wani.

Ƙaurar da ta biyo bayan sayen Twitter da Elon Musk ya yi a Oktoban 2022, kan dala biliyan 44, wata iri ce daban. Mutane da yawa sun nufi Mastodon, wanda Eugen Rochko ya ƙirƙiro a Jamus a 2016. Mastodon ba gidan kamfani ɗaya ba ne. Dubban ƙananan sabobi ne, wato kwamfutocin da ke ɗauke da asusun masu amfani, kowacce da mai kula da ita da dokokinta, suna musayar saƙo ta ƙa'idar ActivityPub da hukumar W3C ta amince da ita a 2018, kamar yadda mai adireshin Gmail ke aika wasiƙa ga mai Yahoo. Idan mutum ya ɓata da mai kula da sabarsa, yana iya tashi ya koma wata, mabiyansa su bi shi, sai dai tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa tafiya da shi.

Ra'ayina shi ne wannan damar tashi ita ce ribar tsarin ta gaskiya, ba 'yancin faɗin abin da aka ga dama ba. Ikon hukunci yana nan, ya dai sauko kusa. Mai kula da saba ya fi kama da mai unguwa: an san shi, ana iya kai masa ƙara, ana iya yi masa gardama. A 2019, da dandalin Gab na masu tsattsauran ra'ayi a Amurka ya ɗauki manhajar Mastodon, sabobi da dama suka toshe shi ɗaya bayan ɗaya, ba tare da umarnin wani shugaban kamfani ba.

Ga mai rubutu da Hausa, wannan kusanci ya fi muhimmanci. Habaici da zambo da gugar zana ba sa bayyana ga na'urar tace saƙo, kuma wanda ba ya jin harshen ba zai bambance barkwancin taubasai da tunzura rikici ba. Mai kula da ƙaramar saba da ya tashi cikin harshen zai gane nan take.

Amma wa zai biya? Kuɗin saba da karanta ƙorafe-ƙorafe cikin dare duk suna kan 'yan sa kai, kuma an sha ganin sabobi sun rufe saboda masu su sun gaji. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar nauyin ga ɗaiɗaikun mutane ba. Gwamnatin tarayyar Jamus tana da sabarta ta Mastodon, BBC ma ta gwada tata a 2023. Sassan nazarin harsunan Najeriya a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da masana harshen, suna da ɗalibai, kuma za su iya ɗaukar ma'aikacin da za a biya albashi ya kula da saba ta Hausa.