Nas

nas (suna, namiji ko mace, jam'i: nas-nas): ma'aikaci ko ma'aikaciyar jinya da ke kula da majinyata a asibiti. A ɗakin marasa lafiya an fi kiran mace "Sista". Misali: Nas ta zo ta cire masa ƙarin ruwa.

Likita yakan yi zagaye ya wuce, nas ce ke kwana da mara lafiya. Ita ke auna hawan jini da zafin jiki, ta yi allura, ta wanke ciwo, ta rubuta komai kafin ta miƙa aiki. Aikin dare ya fi wuya: gadaje cike, ma'aikata kaɗan, wani lokaci wuta ta ɗauke a ƙarasa da fitilar waya. Idan magani ya yanke, kanta 'yan uwan majinyaci ke huce haushi, alhali ba laifinta ba ne.

Ƙarancin albashi ya kori da yawa zuwa Ingila da Saudiyya. A Fabrairun 2024 nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, bayan hukumar da ke ba su lasisi ta ce sai an yi shekara 2 ana aiki kafin ta tantance takardun mai son fita waje.