Daga aci-balbal zuwa faifan sola: tarihin hasken dare a ƙasar Dakoro

Dattawan Birnin Lalle da ƙauyukan da ke kewaye sun san yadda dare yake a da. Karatun allo a gindin wutar kara ake yin sa: almajirai su yo itace da la'asar, bayan magariba a hura, kowa ya matso da allonsa. Cikin ɗaki kuwa aci-balbal ce, da man gyaɗa da lagwanin auduga. Daga baya fitilar ƙwai ta kananzir ta shigo, sai tocila, sai batirin mota da ake ɗorawa a amalanke a kai shi gari caji, don a kunna rediyo ko talabijin na 'yan kwanaki.

Wutar gwamnati ta daɗe a hanya. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968. A 1976 aka jawo waya daga madatsar Kainji ta Najeriya, ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, cikin shekarun 1990 kuma wata ta taso daga Katsina ta Gazawa, ta kai Maraɗi da Damagaram. Amma ita waya manyan garuruwa take bi, domin kafa turaku zuwa ƙauyen da gidajensa ke warwatse kuɗi ne mai yawa. Masu wayar ma sun ji jiki a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai Maris 2024.

Wani ɗan jihar Maraɗi ya hango wannan tun da wuri. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziks ne kuma malamin makaranta. A 1964 ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka, daga 1969 kuma ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken makamashin rana da Nijar ta kafa a 1965. A can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace shi, da murhun girki mai aiki da zafin rana. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma sunansa take amsawa yau.

Abin da ya kamata malamai su sani shi ne, makaranta na cikin wuraren farko da faifan sola ya yi aiki a ƙasar nan. Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin a 1964, kuma da shirin ya fita ƙauyukan da babu waya, da faifan sola aka riƙa kunna wasu akwatunan. A lokacin faifan na da tsadar gaske, don ba a daɗe da ƙirƙiro shi ba, a Amurka a 1954. Yau ga shi a kasuwar Dakoro da ta Maraɗi, ga kuma manyan tashoshi: Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da Gorou Banda mai megawat 30 tun 2023.

Rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. Abin da ke kashe kayan sola a gidaje da makarantu shi ne rashin lissafi, kuma batir ne ke fara mutuwa. Da yawa sukan sayi faifai tukuna, sannan su yi ta rataya masa kaya. Daidai shi ne a fara da ƙidayar buƙata. Ƙwan fitila uku masu wat 5, awa 4 kowane dare, sun ci 60. Cajin waya biyu kamar 30. Fanka mai wat 20, awa 5, ta ci 100. Jimla 190 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 50 yana ɗaukar 600, amma irin na darma rabinsa kawai ya kamata a sha, wato 300, in ba haka ba ya mutu da wuri. Faifai mai wat 100 kan ba da wajen 400 a rana tangaran, ya ragu sosai lokacin hazo, sai an riƙa goge masa ƙura. A sa na'urar daidaita caji tsakanin faifai da batir, a yi amfani da waya mai kauri, a ajiye batirin a inuwa domin zafi na rage masa kwana. Batirin mota kuwa don tayar da inji aka yi shi, ba ya jure a zuƙe shi kullum.

Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Malami zai iya ba da shi a allo da kayan gidajen yaran kansu, uba kuma ya tafi kasuwa da takardar a aljihu kafin ya sayar da tunkiya ko buhun wake. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin batir na biyu ya isa sayen littattafan yara da dama.