Rawar da Ta Tsaya a Madadin Taɓa Hannu

A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda. An shimfiɗa shi ne domin kwashe gyaɗa da auduga, amma ya zama ƙofar da fatake da 'yan makarantar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ke bi zuwa manyan birane. Cikin abubuwan da suka tarar a can har da silima, wadda mutanen da suka kira dodon bango.

Hoto mai motsi iri biyu ne ya shigo Arewa. Akwai majigi, wanda motar gwamnati ke yawo da shi gari-gari, ana haska shi kyauta a fili, yana koyar da tsafta da noma. Akwai kuma silimar kuɗi, wadda akasari 'yan kasuwa Kwarori suka gina a birane, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Wannan ta biyu ba ta samu karɓuwa cikin sauƙi ba. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya ta Kano a 1951 ta ci rai 331, da yawa sun ɗauke ta ishara ce daga Allah. Duk da haka, a cikin waɗannan shekarun ne Kwarori suka fara shigo da fina-finan Indiya, kuma nan da nan suka sha gaban na Amurka a zukatan Hausawa.

Domin a gane dalili, sai a duba aikin da rawa ke yi a fina-finan baƙi da fari na wancan zamani. A Amurka, daga 1934 aka tsananta dokar tace fim da ake kira dokar Hays, wadda ta ƙuntata nuna sha'awa tsakanin namiji da mace. A daidai lokacin ne Fred Astaire da Ginger Rogers suka yi fina-finai tara tare, tsakanin 1933 da 1939. A cikin Top Hat na 1935, ruwan sama ya tsare su a wata rumfa. Tana fushi da shi, shi kuwa ya fara taka rawa, ta kwaikwaye shi, suka yi ta amsa wa juna da ƙafa ba tare da sun taɓa juna ba, sai can kusa da ƙarshe. Kafin waƙar ta ƙare mai kallo ya san ta amince. Astaire ya dage a ɗauki rawarsa daga kai har ƙafa, ba yawan yanke hoto, saboda a jikin ne zancen yake.

A Indiya ma sumba ta kusan ɓacewa daga fim bayan samun 'yanci a 1947, sai waƙa ta gaji wurinta. A Shree 420 na 1955, Raj Kapoor da Nargis suna tsaye ƙarƙashin laima ɗaya cikin ruwan sama, bakinsu na motsi, muryoyin Manna Dey da Lata Mangeshkar na faɗin abin da kunya ta hana su faɗa. Rashin launi ma ya taimaka, domin haske da inuwa kan tattara hankalin mai kallo a kan ido da fuska.

A nan hanyoyin biyu suka rabu. Rawar Amurka takan ƙare da runguma, kunci a kan kunci, namiji cikin kwat, mace da buɗaɗɗiyar kafaɗa. Ta Indiya takan bar tazara: budurwa na jan mayafi, tana sunkuyar da kai, tana ɓuya a bayan itace. Bahaushen da ya tashi yana ganin 'yan mata na gaɗa a dandali, samari na tsaye gefe, ya san wannan tazarar tun daga gida. Ya kuma san labarin: uba ya zaɓi mai kuɗi, 'ya na son talaka. Auren dole bai buƙaci tafinta ba.

Daga silima waƙoƙin suka fita ta rediyo da faifai, daga baya da kaset, har suka kai garuruwan da ba su da gidan kallo. Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin wata waƙa ta fim ɗin Rani Rupmati ya goga ta da Hausa. Daga baya masu bandiri a Kano, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka zuba begen Annabi a kan karin Indiya. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama da Turmin Danya a 1990, kuma Sangaya ya yi tashe a 1999, salon ya riga ya zama ɗan gida.

A cikin watan Oktoban 1999 gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, aka rufe gidajen silima a Zamfara. A 2001 Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, aka hana namiji da mace taɓa juna a fim. Masu suka sun ce rawa da waƙa baƙuwar al'ada ce mai ɓata tarbiyya, kuma damuwarsu kan sutura da kwaikwayo marar tunani tana da tushe. Sai dai tarihi ya nuna cewa wannan salo ya bunƙasa ne a duk inda aka sa wa soyayya iyaka, a Holiwud da Bombai da Kano. Inda aka hana hannu ya kai, murya da taku ne ke isar da saƙo.

Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa darakta ita ce: me rawar nan ta ƙara wa labarin? A fina-finan baƙi da fari masu kyau, masoya kan shiga waƙa a wani hali su fito a wani. Da yawa daga waƙoƙin da matasan Shinkafi da Zurmi ke turawa juna a waya yau ana iya cire su labari bai girgiza ba. Mun gaji rawar, abin da ya rage mu koya shi ne sa ta ɗauki nauyin magana.