Hatsarin Jidda na 1991: Yadda Ƙasashe Suka Haɗu Kan Gawarwakin Alhazanmu

A zamanin kakanni, maniyyaci daga Kademi ko Gaya yakan bi ta Borno da Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin a ƙaramin jirgin ruwa. In jirgin ya nutse, sau da yawa shiru kawai iyalai ke ji. Babu jakadan da zai bi sawu, babu rahoton da zai faɗi dalili. Jirgin sama ya rage wahalar hanya, amma bai kawar da hatsari ba. Abin da ya sauya shi ne yadda ƙasashe ke haɗa hannu bayan musiba.

Ranar Alhamis 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zuwa Sakkwato, ɗauke da fasinjoji 247, akasarinsu alhazan Nijeriya, da ma'aikata 14. Jirgin na kamfanin Nationair ne na Kanada, an yi hayarsa yana jigila da sunan Nigeria Airways. Jim kaɗan da tashinsa wuta ta kama shi. Matuƙan suka juyo don su sauka, amma ya faɗi ƙasa da kilomita 3 kafin titin sauka. Duk mutum 261 suka rasu.

Mamatan galibi namu ne, jirgin na Kanada ne, Amurka ta ƙera shi, ƙasar da ya faɗi kuma Saudiyya ce. To wa zai bincika? Yarjejeniyar Chicago ta 1944 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun raba gardama: ƙasar da hatsari ya auku a cikinta ita ke jagoranci, ƙasar da ta yi wa jirgin rajista da wadda ta ƙera shi kuma suna da damar turo wakilai. Haka Saudiyya ta ja ragama, masu binciken Kanada suka shigo, domin kamfanin da ma'aikatansa a ƙarƙashin dokarsu suke.

Abin da aka gano ya girgiza mutane. Wasu tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka kafin tashi, amma aka bar shi ya tafi don gudun jinkiri. Tayoyi biyu suka fashe yayin gudu a titi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jikin jirgin ba tare da matuƙan sun san da wutar ba. Binciken ya kuma nuna an sauya alƙaluma a takardun gyara. A 1993 kamfanin ya durƙushe.

Kano ma ta taɓa zama mai masaukin irin wannan musiba. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin Jodan da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi hatsari a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma sakaci yana da masu shi. Iyalan da suka rasa iyaye a Jidda sun san abin da ya cinye su ne saboda ƙasashe sun yarda su buɗe wa juna takardu. Har yau jiragen haya ke kwasar alhazanmu, don haka Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, tana da nauyin tambayar tarihin gyaran kowane jirgi kafin maniyyaci ya taka matakalarsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.