Libarbar Dala Miliyan Shida da Mindar da ke Adakar Kakanmu

A watan Agusta na shekarar 2021, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata tsohuwar libarba a birnin Los Angeles na Amurka a kan kuɗi sama da dala miliyan shida. Ƙirar Colt ce, kuma da ita ne wani jami'in tsaro mai suna Pat Garrett ya harbe ƙasurgumin ɗan fashin nan Billy the Kid a garin Fort Sumner cikin watan Yuli na 1881. Ire-irenta suna nan da yawa, ana samunsu a kan kuɗin da bai kai kusa da wannan ba. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne an san hannun da ya riƙe ta, kuma akwai takardun da suka bi sawunta daga wannan hannu zuwa wancan.

Tara irin waɗannan bindigogi tsohuwar sha'awa ce a Amurka. Masu yinta suna duba zanen da gwanayen sassaƙa irin su Gustave Young da L. D. Nimschke suka ƙawata jikin ƙarfen da shi. Suna kuma rubuta wa kamfanin Colt, wanda ya adana littattafan cinikinsa, ya ba su wasiƙar da ke nuna ranar da bindigar ta bar masana'anta da wurin da aka aika ta. Ado yana ƙara kuɗi, amma suna da shaida su ne jarin. Bindigar da aka ce ta wani shahararren ɗan sandan bakin iyaka ce, in babu takarda, labari ne kawai.

To, mu mutanen Nima da Maamobi da Sabon Zongo, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne mu ma muna da namu 'yan sandan bakin iyakar, kuma kakanninmu ne.

A 1873, shekarar da Colt ya fito da samfurin libarbar da Garrett ya riƙe, a nan ƙasar Gwalkwas an shiga yaƙin da ake kira Sagrenti, tsakanin Ingila da Asantawa. Shekara goma kafin nan, a 1863, wani hafsan jiragen ruwa mai suna John Hawley Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko. Akasarin waɗanda ya ɗauka Hausawa ne da suka tsere daga bauta a ƙasar Yarabawa, har aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da yaƙi ya tashi, da su ya biyo ta gefen kogin Volta ya nufi Kumasi, yayin da wasu Hausawan suke harba igwa a rundunar Garnet Wolseley, wadda ta shiga birnin a watan Fabrairu na 1874. A 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makami, Hausa kuwa ita ce harshen bariki.

Abin lura shi ne, a daidai wannan zamani Amurka ma tana da irinsu. Bass Reeves, wanda aka haifa cikin bauta, ya zama mataimakin jami'in tsaron tarayya a 1875, ya shafe shekaru fiye da talatin yana kamo masu laifi a yankin da ya zama jihar Oklahoma. A yau akwai mutum-mutuminsa a garin Fort Smith, an yi littattafai da finafinai a kansa. Namu kuwa, da yawansu ko cikakken sunansu bai iso gare mu ba.

Bakin iyakarsu shi ne arewa. A shekarun 1890, lokacin da Ingila da Faransa da Jamus suke rige-rigen ƙulla yarjejeniya da sarakuna, mayaƙan Samori da na Babatu kuma suna kai hare-hare, waɗannan mutane ne aka tura Kintampo da Wa da Gambaga. Su ne suka raka George Ekem Ferguson, ɗan asalin Anomabo mai zana taswira, wanda aka kashe a yankin Wa a 1897. Suna cikin tafiyar 1896 da aka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya, suna kuma cikin ganuwar Kumasi a 1900 sa'ad da mayaƙan Yaa Asantewaa suka yi mata ƙawanya. A 1901 aka mayar da rundunar ta zama ta soja. Daga cikinta ne aka sami Alhaji Grunshi, wanda ake ɗauka shi ya fara harba harsashi a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914. Sunansa kaɗai ya isa ya nuna cewa Hausa a bakin Turawan nan sunan aiki ne: akwai Gurunsi da Mosi da Dagomba da Zabarmawa da Fulani, harshe da bariki suka haɗa su, kamar yadda Zongo ya haɗa mu.

Ina bindigoginsu? A nan muka sha bamban da Amurka. Can, ɗan sanda yakan sayi libarbarsa da kuɗinsa, ya sa a zana masa sunansa, ya bar wa 'ya'yansa. Nan kuwa, doguwar bindigar da kakanmu ya saɓa, Snider ce ko Martini-Henry, ta gwamnati ce, ranar sallama yake mayar da ita. Libarba kuwa galibi a ƙugun hafsa take. Mai son ganin makaman wancan zamani sai ya je gidan tarihin soja da ke cikin ganuwar Kumasi.

Abin da ya rage a gidajenmu ƙanana ne: minda, takardar sallama, littafin fansho, jar dara, hoton da ya fara cinyewa. Amma kada mu raina su. A gefen mindodi da yawa an buga lamba da muƙami da sunan mai ita, kuma da yake magatakardan Turawa sukan sa garin mutum ko ƙabilarsa a matsayin sunansa na biyu, sai ka ga Kano ko Katsina ko Moshi a jikin azurfar. Ga wanda zuriyarsa ta manta inda ta fito, wannan shaida ce babba. Akwai kuma waɗanda ba a buga musu suna ba, kamar tauraron Asante na 1896, waɗannan in suka rabu da gidansu sun zama marayu har abada. A Landan, kamfanonin gwanjo irin su Spink da Noonans suna sayar da mindodin yaƙe-yaƙen Afirka ta Yamma ga masu tarawa, mu kuwa sau da yawa masu sayen tsohon ƙarfe muke miƙa wa, a auna a biya mu. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Wajibi ne mu faɗi ɗaya gefen. Waɗannan mutane ƙarfin mulkin mallaka ne. An ƙone garuruwa da hannunsu, an kama sarakuna, kuma maƙwabtanmu ba su manta ba. Ko a cikin zangunanmu, malamai da fatake ba duka suke ganin mutuncin ɗan bariki ba, shi ya sa wasu gidaje suka yi shiru da zancen. Amurkawa sun lulluɓe nasu jami'an da almara har gaskiya ta yi wuyar ganewa, kuma bai kamata mu bi su a nan ba. Mu adana mindar tare da dukan labarinta: bautar da mutumin ya gudar wa, umarnin da ya bi, da gidan da ya kafa a Ankara bayan ya tuɓe kaki.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Nima ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da dawowar tsofaffin sojojin Bama, kuma 'ya'yansu, waɗanda suka ji labari daga bakinsu, yanzu su ne tsofaffin. Gobara da ambaliya da rabon gado suna cin takardu kowace shekara. Duk mai irin wannan kaya ya ɗauki hotonsa ciki da baya da gefe, ya zauna da dattijon gidan ya rubuta suna da gari da shekara, ya ajiye takardar tare da kayan. Kada a goge minda da toka ko yashi, rubutun yake tafiya. Mai lambar kakansa yana iya neman ƙarin bayani a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Ankara. Wanda kuma ya tarar da tsohuwar bindiga a cikin gado, ya sani ajiye makami ba rajista laifi ne a Ghana, sai ya sanar da hukuma.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kura-kuransu. Wanda yake da irin wannan adaka a gidansu, ya buɗe ta tun masu bayaninta suna raye.